Zauren Masu Karatu: Wasannin Jami'o'i a Lokacin Yaƙi da Zaman Ɗarɗar

Wasiƙun da suka shigo wannan shafi daga Jos da Abuja a wannan karon sun taru a kan batu guda, wato yadda yaƙi da rashin tsaro suke taɓa jadawalin gasar wasannin manyan makarantu da tafiye-tafiyen 'yan wasa. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana cikin 'yan ƙwallon kwando na jami'arsu. An sa musu ranar tafiya gasa aka ɗage, aka sake sawa aka sake ɗagewa, kuma dalilin da ake ba su kullum shi ne tsaro. Ni kuwa nakan ji a rediyo cewa ƙasashen da ke cikin yaƙi na gaske suna ci gaba da wasanninsu. Shin mu kaɗai ne muke haka, ko a wasu ƙasashen ma yaƙi yana hana ɗalibai wasa? Daga wani uba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya raya mana zuri'a. Ba mu kaɗai ba ne, kuma ƙasar da ta fi kowa ɗaukar wasannin jami'o'i da muhimmanci, wato Amurka, ta sha shiga irin wannan tsaka-mai-wuya. A ranar 17 ga Maris, 2003, Shugaba George W. Bush ya ba Saddam Hussein wa'adin sa'o'i 48 ya bar Iraƙi, a daidai makon da za a buɗe babbar gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in ƙasar, wadda hukumar NCAA ke shiryawa, mai ɗauke da ƙungiyoyi 65 a wancan lokacin. Shugaban hukumar, Myles Brand, ya fito fili ya ce ana duba yiwuwar ɗagewa, ya tuntuɓi sakataren tsaron cikin gida, Tom Ridge, sannan ya sanar cewa za a yi wasannin yadda aka tsara, tare da tsaurara bincike a ƙofofin shiga. Aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza, aka kuma fara wasannin zagayen farko a ranar 20 ga Maris. Gidan talabijin na CBS, wanda ke da haƙƙin nuna gasar, ya miƙa wasu wasannin ranar farko ga tashar ESPN domin ya samu filin labaran yaƙi, gasar kuma ta tafi har ƙarshenta a New Orleans, inda Jami'ar Syracuse ta doke ta Kansas da ci 81 da 78.

Abin lura shi ne wasannin da aka taɓa a wannan watan. Hukumar ƙwallon gora, wato baseball, ta ƙwararrun Amurka ta soke tafiyar ƙungiyoyi biyu da za su buɗe kakar wasa a Tokiyo, FIFA kuma ta ɗage gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda za a yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, daga Maris zuwa ƙarshen shekara. Wasan da ke buƙatar doguwar tafiya ko kusantar fagen daga shi ya tsaya, wanda kuwa za a yi a gida ya gudana. Wannan ma'aunin ne ake ta amfani da shi tun Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a ranar 7 ga Disamba, 1941, sojoji sun hana manyan taruka a gaɓar yammacin Amurka, saboda haka aka ɗauke wasan Rose Bowl na ranar 1 ga Janairu, 1942, wato babban wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i da ake yi duk shekara, daga Pasadena ta jihar Kalifoniya, aka kai shi Durham a ɗaya gefen ƙasar, inda Oregon State ta ci Duke 20 da 16. A 1943 kuwa jami'o'i da dama, har da fitacciyar Jami'ar Alabama, ba su fitar da ƙungiyar ƙwallo ba kwata-kwata, domin samarin da za su buga suna bakin daga. A Ingila ma tseren kwale-kwale na shekara-shekara tsakanin Oxford da Cambridge ya tsaya a hukumance daga 1915 zuwa 1919, ya sake tsayawa daga 1940 zuwa 1945.

Mu ma muna da namu tarihin. An fara gasar jami'o'in Najeriya, wato NUGA, a Ibadan a 1966, lokacin da jami'o'in ƙasar biyar ne kacal, kuma shekara guda bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke. Nsukka, inda ɗaya daga cikin biyar ɗin take, tana cikin garuruwan da faɗan ya fara ci, karatu ma ya gagara balle wasa. Bayan yaƙin ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro bikin wasanni na ƙasa a 1973 domin ɗinke ɓarakar da aka samu.

Sai dai akwai wata magana da ya kamata in faɗa maka, Alhaji, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A ƙasarmu kalmar tsaro ta zama mayafin da ake lulluɓe wasu dalilai da shi, domin babu wanda zai yi gardama da ita. An tsara NUGA a kan shekara bibbiyu, amma daga gasar Makurɗi ta 2017 zuwa ta Legas a 2022 shekara biyar aka yi, kuma a tsakanin akwai annobar korona da dogon yajin aikin malaman jami'o'i na 2020. Filin da ba a gama gyarawa ba da kuɗin da ba a saki ba suna ɗage gasa kamar yadda bindiga ke ɗage ta. Saboda haka kana da haƙƙin ka sa ɗanka ya tambayi sashen wasanni wace hanya ce ake tsoro, kuma wace hukuma ce ta ba da shawarar ɗagewar. Wanda ya ɗage gasa don tsaro da gaske yana da amsar waɗannan tambayoyi a bakinsa.

TAMBAYA: Malam, ni malamin motsa jiki ne a wata kwaleji, kuma ni ake ɗora wa nauyin kai yara gasa a wasu jihohi. Shugabanninmu sun fi damuwa da yawan 'yan sandan da za a zuba a filin wasa. Ni kuma hankalina ya fi tashi idan muna cikin mota. Wane ne ya fi gaskiya, kuma yaya ya kamata a tsara jadawali? Daga wani malami, Bukuru.

AMSA: Malam, abokin aiki, ina bayanka a wannan magana. Filin wasa wuri ne guda mai katanga da ƙofofi, an san lokacin buɗe shi da na rufe shi, ana iya caje kowa kafin ya shiga. Hanya kuwa ɗaruruwan kilomitoci ce ta daji da kwana-kwana da ƙauyuka, kuma babu kwamishinan 'yan sandan da ikonsa ya wuce iyakar jiharsa. Da yawa daga cikin hare-haren da aka kai wa tawagogin 'yan wasa a kan hanya suka faru. A ranar 8 ga Janairu, 2010, 'yan tawaye suka buɗe wa motar tawagar Togo wuta a yankin Cabinda, tana kan hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka ta Angola, mutum uku suka rasu, Togo ta fice daga gasar. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka tare motar Kano Pillars a kusa da Abaji, a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar. Ko rakiyar jami'an tsaro ba ta zama garkuwar da ba a hudawa ba, domin tawagar kurket ta Sri Lanka da aka kai wa hari a Lahore a watan Maris na 2009 tana tare da 'yan sanda, kuma shida daga cikin 'yan sandan ne suka rasa rayukansu a wurin.

Ban ce a yi sakaci da wuraren taruwar jama'a ba. Mutanen Jos ba su manta da bam ɗin da ya tashi kusa da gidan kallon ƙwallo a watan Mayu na 2014 ba, kwanaki kaɗan bayan na kasuwar Terminus, kuma a watan Yuni na shekarar aka kai makamancinsa a Damaturu ana cikin kallon gasar cin kofin duniya. Darasin da ke nan shi ne a gama wasa da sauran rana, a watse kafin magariba, a hana motoci tsayawa a jikin katangar fili. Wannan aiki ne na 'yan awoyi da kuɗi kaɗan, kuma shi shugabanni suka fi so domin ana ganinsa a hoto.

Wahalar tana wurin jadawali. A nawa ra'ayin, ya kamata mai tsara gasa ya fara da taswirar hanyoyi kafin ya taɓa kalanda. Ɗauki tawagar da za ta taso daga Maiduguri zuwa Jos, ta bi Damaturu da Potiskum da Bauci. Sojoji sun daɗe suna rufe hanyar shiga Maiduguri idan yamma ta yi, kuma a watan Fabrairu na 2020 matafiyan da suka makara suka kwana a Auno, a ƙofar garin, aka far musu cikin dare aka kashe kimanin mutum 30. To idan mai tsara jadawali ya sa wa irin wannan tawagar wasanta na ƙarshe da hantsi, ya kuma yanke kuɗin masaukinta a wannan ranar, ya tura ta hanya a lokacin da ba za ta iso gida kafin a rufe ƙofa ba, ko da shi bai san ya yi hakan ba. Kwana ɗaya na ƙari a masauki da abincin dare ɗaya su ne abin da ke raba tafiyar rana da tafiyar dare, amma su ne farkon abin da akawu ke sokewa idan kasafi ya gaza. Hausawa suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, mu kuwa kwana guda muke nema.

Haka nan tawagar da za ta fito daga jihohin kudu maso gabas ba za a sa mata tafiya ranar Litinin ba, saboda dokar zaman gida da masu fafutikar ɓallewa suka ƙaƙaba tun watan Agusta na 2021. Masu zuwa daga Abuja su bi Keffi da Akwanga su hau Hawan Kibo da rana tsaka, a kuma lissafa musu lokacin da shingayen bincike za su ci. A cikin garin Jos kanta, kai ma ka san yadda ake toshe wasu tituna a lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, saboda haka wasan da aka sa a waɗannan awoyin zai fara a makare ko da komai lafiya. Makon zaɓe kuwa a kauce masa gaba ɗaya, domin rikicin Nuwamba 2008 daga zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya taso.

Akwai kuma abin da masu tsara gasa ke mantawa, wato dokar hana fita ba ta ba da sanarwar mako guda. Bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba a ranar 14 ga Agusta, 2021, an kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Jos ta Arewa, Jami'ar Jos ta dakatar da jarrabawa, gwamnatocin jihohi suka riƙa aiko da motoci suna kwashe ɗalibansu. Da a ce wannan ya faru ana tsakiyar gasa, da dubban baƙi a ɗakunan kwanan ɗalibai, tambayar farko ita ce abincin kwana nawa ke cikin ma'ajiya, ta biyu kuma wa ke da jerin sunayen kowa da lambar wayar iyayensa. Jami'ar da aka ba baƙuncin NUGA karo na 27 bayan Legas ita ce ta Jos, saboda haka wannan lissafi na gidanmu ne.

Ga ƙananan gasanni irin naku, shawarata ita ce a bar tsarin gida da waje, a tara ƙungiyoyin shiyya a gari guda su buga duka wasanninsu cikin 'yan kwanaki, domin tafiya ɗaya ta fi tafiya shida sauƙin tsarewa. A rubuta wa rundunar 'yan sanda da rundunar sojojin da ke aikin wanzar da zaman lafiya a Filato tun da wuri, a nemi shawararsu a rubuce, domin takardar ita ce za ta kare ka a gaban shugabanni ranar da ka ce ba za ka ɗauki yara ka kama hanya da la'asar ba. A tabbatar da inshorar 'yan wasa da ta direba. Sannan ka ja kunnen yaran su daina sa hoton mota da lokacin tashi a Facebook sai sun sauka.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni 'yar tsere ce, ina ajin ƙarshe. Idan aka ɗage gasa zuwa wata shekara na gama makaranta, ke nan duk atisayen da na yi ya tafi a banza. Sannan ina ganin makarantun da ke yankunan rikici kullum su ake cutarwa, su ake ɗauke wa wasa a kai wani gari. Wannan adalci ne? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Jos.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda wasan ɗalibai ya bambanta da na ƙwararru. Ƙwararren ɗan wasa yana da shekaru goma ko fiye a gabansa, ɗalibi kuwa shekara huɗu ko biyar gare shi, kuma a gasar da ake yi duk bayan shekara biyu damarsa yawanci biyu ce. Ɗagewar shekara guda tana iya cinye rabin damar, ta shekara uku kuma ta cinye ta duka. Shi ya sa nake ganin sauya wuri ya fi ɗagewa, ɗagewar makonni kuma ta fi ta shekaru. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, manyan jami'o'in Amurka ba su buga wasannin ƙwallonsu na ƙarshen wannan makon ba, amma da yawansu an mayar da su ƙarshen kaka a cikin shekarar, ɗaliban ajin ƙarshe ba su rasa rabonsu ba. Inda doguwar ɗagewa ta zama dole, abin da ya dace shi ne hukumar gasa ta rubuta a dokokinta cewa wanda ya cancanci shiga a ranar farko da aka sa yana nan da cancantarsa har ranar da aka yi, kuma ƙungiyoyin ɗalibai suna iya neman wannan a rubuce ta hannun daraktocin wasanninsu.

Maganarki ta biyu gaskiya ce, kuma ba ni da maganinta gaba ɗaya. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi kakanni tana buga wasanninta na gida a wajen Borno, har da Katsina, a tsakiyar rikicin Boko Haram. Shakhtar ta Yukren ta bar birnin Donetsk tun 2014, kuma bayan mamayar Rasha ta Fabrairu 2022 ta riƙa karɓar baƙinta na gasar Turai a Foland da Jamus. Al Hilal da Al Merrikh na Sudan, bayan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, sai da suka koma buga gasar ƙasar Muritaniya. Hukumar wasannin jami'o'i ta duniya, FISU, ta dakatar da gasar 2023 da aka ba birnin Yekaterinburg na Rasha. A kowanne daga cikin waɗannan, ɗan wasan da bai tayar da yaƙi ba shi ya biya kuɗinsa. Wani lokacin ma cutarwar takan zaɓi mutum ɗaya: a wasan Rose Bowl na 1942 da na ambata, Jack Yoshihara, ɗan wasan Oregon State mai asalin Japan, ya yi atisaye da 'yan'uwansa amma aka hana shi tafiya saboda dokar da ta taƙaita zirga-zirgar masu irin asalinsa.

Abin da za a iya gyarawa shi ne rabon nauyin. Idan an ɗauke wa makaranta wasanta saboda tsaro, bai kamata a bar ta da kuɗin mota da masauki ita kaɗai ba. A fitar da su daga asusun gasa, a kuma ba ta zaɓin garin da ya fi kusa da ita. Sannan a riƙa sake duba hukuncin kowace kaka, domin garin da aka yi wa tambarin rikici yakan daɗe da tambarin bayan ƙura ta lafa, kuma mutanen Jos sun fi kowa sanin ciwon wannan.

TAMBAYA: Malam, tunda hanya ce matsalar, me ya sa ba za a riƙa kai 'yan wasa a jirgin sama ba? Daga wani mai karatu, Kubwa, Abuja.

AMSA: Ɗan'uwa, da farko akwai kuɗi. Tawagar jami'a zuwa babbar gasa takan haɗa 'yan ƙwallon ƙafa da na kwando da na raga da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle da masu horarwa da ma'aikatan jinya, ga kaya, kuma kuɗin jirgin irin wannan ayari zuwa da dawowa ya fi ƙarfin yawancin sassan wasanni. Na biyu, yaƙi yakan rufe sama kafin ya rufe ƙasa. Sararin samaniyar Yukren a rufe yake ga jiragen fasinja tun 24 ga Fabrairu, 2022, saboda haka 'yan wasanta sai sun yi doguwar tafiya a mota ko jirgin ƙasa zuwa wata ƙasa maƙwabciya kafin su hau jirgi. A nan gida, cikin mako guda na watan Maris 2022 aka kai hari filin jirgin saman Kaduna, aka kuma kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga watan, kuma jirgin ƙasan bai dawo aiki ba sai Disamba.

Duk da haka jirgin sama yana da amfani ga 'yan tawagogi kaɗan masu hanya mafi haɗari, idan asusun gasa ya tallafa musu. Sai dai a tuna cewa filin jirgin Yakubu Gowon yana Heipang ne, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, can bayan Bukuru, saboda haka akwai sauran tafiyar mota kafin a isa Naraguta, inda Jami'ar Jos take. A yanki tikitin jirgin safe, domin jinkirin awa uku a jirgin yamma yana mayar da wannan gajeriyar tafiyar ta koma ta dare, kuma idan gasar ta faɗo a watan Disamba ko Janairu, a ware kwana guda a jadawali saboda hazon hunturu da ke hana jirage sauka.